Daga Farantin Talla Zuwa Wayar Hannu

  Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani ɗan ƙaramin abu da na tabbata yana kusa da hannunki yanzu haka, ko a kan katifa, ko ƙarƙashin filo, ko kin ɗora shi a kan turmi kina tuƙin tuwo kina satar kallonsa. Wayar hannu ke nan. Zan ba da labarin ne daga unguwannin da na fi sani, wato Fagge inda aka haife ni, da maƙwabciyarta Sabon Gari inda muke cefane tun muna yara.

Bari mu fara da wurin kansa. Fagge tun asali zango ce. A nan, bayan ganuwar birni, ayarin raƙuma na Buzaye da Larabawa ke sauka da gishiri da dabino, su huta, su yi ciniki, su ɗauki baƙin rini da fatu su koma arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai wasu baƙin suka ƙaru, Yarabawa da Inyamurai da sauran mutanen kudu masu aikin reluwe da akawun kamfanoni, aka yanka masu Sabon Gari wajen 1913. Kwarori kuma, wato mutanen Sham da Labanan, suka buɗe kantunan yadi a wurin da har gobe ake kira Kantin Kwari. Kin ga ke nan mu mutanen Fagge kasuwa ta kewaye mu ta kowane gefe: ga Kwari, ga Singa, ga babbar kasuwar Sabon Gari.

Amma duk wannan hada-hadar, iyayenmu mata ba su taka cikinta ba. Matar Sabon Gari takan fito da sassafe ta buɗe rumfarta, ta zauna ido da ido da mai saye, ta yi taya, ta yi albarka, ta ƙirga kuɗinta. Matar Fagge kuwa tana cikin gida, tsakaninta da titi akwai zaure, wani gidan ma soro biyu. Duk da haka ba a zaune take ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta shekara fiye da talatin tana soya ƙosai da safe, ta yi alala da rana, ta kuma riƙe adashin matan layinmu, kuma ban taɓa ganin ta leƙa ƙofar gida da rana ba. Ƙafafunta su ne mu. Yaro ne zai auno wake, yarinya ce za ta kai markaɗe, ita ce za ta ɗauki faranti ta zaga, ita ce za ta dawo da ciniki a ƙulle a bakin zani. Haka saƙo. In za a gaya wa ƙanwarta a Ƙofar Mazugal cewa an yi haihuwa, ni za a tura, a ce in gaishe ta, in ce an sauka lafiya, an sami mace, kar in tsaya wasa a hanya. Sai na maimaita sau biyu kafin a sake ni.

Wannan abu har Turawa masu bincike ya ba su mamaki. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 ta kira shi ɓoyayyen ciniki, domin ta ga hatsi da abinci mai yawa na canza hannu daga gida zuwa gida ba tare da sun ga kasuwa ba. Wata kuma daga Amurka, Enid Schildkrout, ta yi bincike a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, daidai lokacin da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Abin da ta gano kowace uwa a nan ta riga ta san shi: sana'ar matar kulle a kan yara take tsaye, kuma ribar tallar yarinya ita ce ke zama kayan ɗakinta. Shi ya sa da aka ce a sa 'ya'ya mata a boko, wasu iyayen suka noƙe. Ana ta cewa duhun kai ne, ni kuwa na ce har da lissafi a ciki, domin an ce wa mace ta ba da ƙafafunta ne ba a ba ta wasu ba.

Bayan yara akwai dillaliya. Ita tsohuwa ce ko bazawara mai 'yancin shiga gida gida, da ƙullinta na atamfa da kwalla da 'yan kunne. Ita ce kantinmu, ita ce kuma jaridarmu, don ba ta fita gida sai ta bar labari ta kuma ɗauki wani.

Saƙon nesa kuwa sai wasiƙa. Kalmar waya ɗin kanta daga zaren ƙarfen tangaraho ta samo asali, wanda Turawan mulki suka ja a kan turaku, shi ya sa har yau muke cewa gidan waya, muke cewa buga waya. Matar da ba ta yi boko ba sai ta nemi ɗan makaranta ya rubuta mata, ya ji duk sirrinta. Daga baya aka samu dabarar kaset: a tara 'yan gida a gaban rakoda, kowa ya yi gaisuwa, a ba alhaji mai tafiya ya kai wa 'yan uwa a Makka ko Sudan, amsa ta dawo bayan watanni. Tarho na gida akwai shi, na hukumar NITEL da aka kafa a 1985, amma kafin 2001 layukan da ke ƙasar nan gaba ɗaya kimanin 400,000 ne, ga mutane sama da miliyan 100. A layinmu gida ɗaya ne ke da shi, kuma a falon maigida yake. In aka kira wata maƙwabciya, sai an aika yaro, ta nemi izini, ta sa mayafi, ta je ta yi magana a tsaye mutanen gida na ji.

To, a watan Janairun 2001, zamanin Shugaba Obasanjo, gwamnati ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Lokacin ina firamare. Layi kaɗai, ba tare da kan waya ba, yakan kai naira 20,000 ko fiye, alhali mafi ƙarancin albashi naira 5,500 ne. Kira kuma naira 50 minti ɗaya, ko da sallama kawai kika yi aka katse. Saboda haka wayar farko ta manyan 'yan kasuwar Kwari ce da Sabon Gari, masu odar kaya daga Legas da Anaca da Aba. Mutumin da a da sai ya kwana a mota don ya ji farashi, yanzu daga kan bencinsa yake ji. Da babanmu ya sayi tasa, a aljihun gaba take kwana, in ta yi ƙara duk gidan sai a yi tsit kamar an yi baƙo. Mahaifiyata ta fi shekara ba ta taɓa ta ba sai in an miƙa mata.

Shigowar Glo a 2003 da lissafin daƙiƙa daƙiƙa ita ta karya farashi. Nan da nan titin Faransa da titin Murtala Muhammad suka cika da 'yan lema, tebur da kujera da waya ɗaya, ka biya ka yi kira. 'Yan matan Sabon Gari da yawa da wannan sana'ar suka riƙe kansu. Titin Beirut ya koma kasuwar waya, ta sabuwa da ta hannu, da masu gyara da masu caji. Sai ga waya a cikin lefe, sai ga ta a hannun uwargida, 'yar Nokia mai tocila wadda ke haska mana madafi in an ɗauke wuta. Muka koyi filashin, mu kira mu katse, wanda ya fi mu kati ya biyo. Kuma ku tuna, Rediyo Freedom ta buɗe a ƙarshen 2003, shirye-shiryen kiran waya suka yawaita a gidajen rediyon Kano, muryar matar kulle ta fara fita duk gari na ji ba tare da ta taka zaure ba. Ni wannan ne ya fara sa mini sha'awar aikin da nake yi.

Ba a daɗe ba aka fara ganin ɗaya gefen. Kamfanoni suka kawo garaɓasar kiran dare kyauta, daga bayan tsakar dare zuwa gab da asuba, iyaye suka wayi gari 'yan matansu na gyangyaɗi a islamiyya. Zance da aka saba yi a zaure, ƙanne na leƙe, ya koma ƙarƙashin bargo. A 2007 kuma wani hoton bidiyo na wata 'yar fim ya bazu daga waya zuwa waya a garin nan, har hukumar tace finafinai ta tsananta dokoki a kan sana'ar gaba ɗaya. Magidanta da yawa a lokacin suka ƙwace wayoyin matansu da 'ya'yansu, har da waɗanda ba su ji ba su gani ba. Wannan ne karo na farko da na ji ana gardama a fili kan ko kulle ya haɗa da waya.

Akwai ranakun da ba na son tunawa, amma tarihin bai cika ba sai da su. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, da aka kai hare-hare a Kano, da ranar 18 ga Maris ɗin 2013, da bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road a Sabon Gari. Duk matar da mijinta ko ɗanta ke kasuwa a ranakun nan ta san abin da nake nufi. Wadda aka ɗaga kiranta ta yi hamdala ta zauna. Wadda tata ke ta ringin ba a ɗauka, ko aka ce mata a kashe take, Allah kaɗai ya san daren da ta yi. A da in maigida ya yi dare sai a ce hira ta riƙe shi. Tun daga lokacin, kira uku ba amsa ya isa ya tayar wa mace da hawan jini, kuma wannan fargabar ba ta bar mu ba ko da zaman lafiya ya dawo.

Yanzu mu zo kan babban sauyin, wanda ya shafi neman kuɗinmu. Da manyan wayoyi masu arha irin su Tecno da Itel suka cika titin Beirut da kasuwar Farm Centre, sai WhatsApp ya shigo gidaje. Abin da ya sa ya karɓu a wurinmu fiye da rubutaccen saƙo abu biyu ne: hoto da saƙon murya. Ba sai kin iya boko ba. Ki danna ki yi magana da Hausarki, kamar dai kaset ɗin nan na da, sai dai amsar ba ta wata uku. Yaron shago a Kwari zai ɗauki hoton atamfa da leshi da shadda ya turo, uwargida ta ɗora ribarta ta sa a sitatus, wata a Gusau ko Damagaram ta gani ta zaɓa, ta turo kuɗi ta banki, a kira ɗan sahu ya ɗauko kaya ya kai tasha. Mai sayarwa ba ta taɓa yadin da hannunta ba, ba ta kuma fita ko ƙofar gida ba. Haka masu turaren wuta da humra, masu dambun nama, masu cincin da kek na biki, masu ɗinki, masu ƙunshi. Har marubutanmu mata, magadan su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, da yawansu yanzu shafi shafi suke sakin labari a waya, mai son ci gaba ta biya.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda waya ta haɗa matar Fagge da matar Sabon Gari. Shekara ɗari suna maƙwabtaka, titi ne kawai tsakani, amma yaro ne ko maigida ke shiga tsakaninsu. Yau na san matan layinmu da ke da lambar Madam mai kayan kicin ko mai kayan kek a kasuwar Sabon Gari, suna gaisawa da Hausa da ɗan guntun Turanci, ana ba da bashi ana biya, in an yi haihuwa har barka ake turowa. Wadda ta yi asara ita ce dillaliya. Ƙullinta ba zai iya gasa da hoto ɗari ba, kuma labarin da take kawowa ya riga ta isowa.

Shekaru biyu ne suka tura har masu jan ƙafa cikin wannan harka. Na farko 2020, da aka rufe Kano a watan Afrilu saboda korona, kuma ya faɗo cikin azumi. Kasuwanni a rufe, maza a gida ba ciniki, gidaje da yawa da cinikin wayar uwargida aka sha ruwa. Na biyu farkon 2023, da Babban Banki ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace. Mai ƙosai ma sai da ta buɗe asusu, ko ta ari na ɗanta, su OPay da Moniepoint suka shiga bakin tsofaffi. A nan ne kuma muka san alat na bogi, da tiransifar da ke maƙalewa kwana uku kuɗi bai je ba bai dawo ba, ga mai kaya na kira, ga mai saye na rantsuwa.

To 'yar uwa, ga inda nake so mu tsaya mu duba. Yarinyar talla tana gajiya. In magariba ta yi an kife faranti, an ƙirga ciniki, sana'a ta tashi sai gobe. Kasuwar Sabon Gari ma ana kulle ƙofofinta da yamma, Madam ta tafi gida ta huta. Ita kuwa kasuwar da ke cikin wayarki ba ta da maigadi. Ƙarfe sha ɗayan dare wata za ta turo, "Hajiya nawa wannan?" In ba ki amsa ba kafin safiya ta saya a wurin wata, don masu irin kayanki sun fi a ƙirga. In kin buɗe ba ki amsa ba, ta ga alamar kin gani, ta ce wulaƙanci ne. Wata mai sauraronmu da ke yin abincin biki ta gaya mini cewa ko salla take yi, in ta ji ƙarar saƙo sai zuciyarta ta tafi can. Ta ce ta fi kakarta samu nesa ba kusa ba, amma kakarta ta fi ta barci. Kuma aikin gida bai ragu da komai ba. Girki na nan, wanki na nan, raino na nan, an dai ɗora shago a kansu ne. Ga kuɗin data da ya ƙaru bayan hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ga neman inda za a yi caji in babu wuta, ga fargabar 'yan ƙwacen waya duk lokacin da kika aiki yaro da ita.

Wannan damuwa ba mu kaɗai ba ce. A Faransa, tun daga farkon 2017 akwai dokar da ta ba ma'aikaci damar kashe wayar aiki bayan an tashi, ta kuma wajabta wa manyan kamfanoni su zauna da ma'aikatansu a tsara hakan. Na karanta na yi dariya, na ce to ita uwargida mai turaren wuta, ita ce kamfanin ita ce ma'aikaciyar, wa za ta kai ƙara? Likitoci dai sun daɗe suna faɗa cewa kallon hasken waya a kan gado yana kore barci, rashin barci kuma yana kawo ciwon kai da saurin fushi, kuma a kan yara da maigida ake sauke shi.

Zaman aure ma ya ji a jikinsa, ta alheri da akasinsa. Amaryar da aka kai Abuja ko Jidda a da sai ta shekara ba ta ji muryar uwarta ba, yau kullum suna tare, har a nuna mata yadda ake kaɗa miyar kuka. Mai naƙuda cikin dare tana da lambar ɗan sahu da ta ungozoma. Wadda ake cuta a ɓoye tana da hanyar sanar da waliyyinta. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma duk mai cewa a raba mata da waya ya fara amsa su tukuna. Amma kuma ƙaramin saɓanin da a da za a kwana a huce, yanzu kafin maigida ya kai bakin titi an riga an kira gida an faɗa. Lambar sirrin waya ta zama abin rikici, shi ya kulle tasa yana son buɗe taki. A gidan da ke da kishiya, malamai sun sha amsa tambaya kan mijin da ke hira da ɗaya a waya ranar girkin ɗaya, da kan sakin da aka turo a rubuce ta waya. Sannan ga sitatus, inda habaicin da a da ake yi a bakin rijiya mutum uku na ji, yanzu mutum ɗari biyu ke gani. Ga kallon lefen wata da ɗakin wata, ki kwana kina jin naki ya tsufa, alhali wataƙila ita ma aro ta yi don hoto.

Abin dariya, rukunin da ake buɗewa a WhatsApp mu Hausawa zaure muke ce masa: zauren dangi, zauren 'yan ajinmu, zauren adashe. Wato zauren da aka gina don ya tsaya tsakaninmu da waje, ga shi ya tashi ya shigo har kan gado, kuma ba ɗaya ba, goma. Tsofaffinmu har yanzu ba su yarda da shi ba. Suna cewa zumunta a ƙafa take, kuma gaisuwar mutuwa ta waya a wurinsu rabin gaisuwa ce. Gwaggona takan amsa kiranki da fara'a, ku gama, sannan ta ce, "To yaushe za ki zo ki gaishe ni?"

Makon jiya na je gidanmu a Fagge. A tsakar gidan da kakata ke soya ƙosai, matar ƙanena na zaune da tulin atamfofi, waya a hannun dama, jariri a cinya, tana yi wa wata mata a Maraɗi bayanin wanne ne ba ya zuba. 'Yarta mai shekara tara ta dawo daga makaranta da jakarta, ba ta taɓa ɗaukar farantin talla ba, kuma na gode wa Allah da hakan. Yarinyar ta tsaya a gefenta tana so ta nuna mata abin da aka rubuta mata a littafi. Uwar ta ɗaga mata hannu ta ce ta bari ta gama da kwastoma. Na ƙirga, sai da aka yi kira huɗu. Da ta waiwayo, yarinyar ta riga ta shige ɗaki ta cire kayan makaranta.

A nan lokaci ya cim mana. Mai son tofa albarkacin bakinta, ta turo mana saƙon murya, za mu saurara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Sai dai don Allah a turo da rana.